Kada Ku Yanke Sai Na Zo

Zuwa ga ƙanwata, Autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki daga sharrin baƙunta, Ya sa albarka a aikin da ya kai ki nesa da mu. Yaya aiki, yaya tsofaffin da kike jinya, yaya kuma bayan nan naki da kika ce yana riƙewa in kin daɗe a tsaye? Allah Ya sawwaƙe. Mu nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana nan da gwiwarta, yau ta tashi gobe ta ƙi, yanar idon hagun kuma ta ƙaru har ba ta gane mutum sai ya yi magana. Amma baki garau yake, jiya ma sai da ta wanke ni tas a kan na cika gishiri a abinci. Maigidana, Mai Famfonku, yana nan yana yawo da jakar sifana da sauran kayan gyara, ya gyara famfon kowa a unguwa, namu na kicin yana ɗiga tun watan jiya. Yaranki ma lafiyarsu ƙalau. Babbar, Alƙaliya, ta shiga aji biyar. Ƙaramin, Sarkin Tambaya, haƙoransa biyu na gaba sun faɗi, amma hakan bai rage masa tambaya ko ɗaya ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a hannun kowa. To wayar ce ta ishe ni. In kin kira, ko dai kina kan hanyar shiga aiki ko kin fito a gajiye, yara kuma suna manne da ni kowa ya kasa kunne, sai mu ƙare da lafiya lau, lafiya lau, kamar maƙwabtan da ba sa shiri. Abin da ke raina ba ya faɗuwa a minti huɗu. Ga shi abokiyar aikin nan taki da ta zo hutu za ta koma jibi, shi ya sa na ture ɗinkin mutane gefe na zauna a kan teburin keke ina rubuta miki. A cikin ambulan ɗin za ki ga wani ɗan ƙullin ƙyalle. Don Allah kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshe.

Ki tuna kayan da kika aiko farkon damina, yau wata biyar da 'yan kwanaki. A can ƙasan jakar, ƙarƙashin rigunan makaranta, akwai wata 'yar fakiti mai hoton furen rana, dogon nan mai faffaɗan kai da geza ruwan ɗorawa. Ina jin a bakin kanti kika gan ta kika jefa a kwando. Ranar da kika kira don jin ko kaya sun iso, Alƙaliya ta tambaye ki yaushe za ki zo, kamar yadda take tambaya a kowane kira tun shekara uku da kika tafi kika ce shekara ɗaya za ki yi. Sai kika ce mata su shuka irin nan, kafin ya nuna kin samu hutu, kuma kada su yanke sai kin zo, tare za ku girbe. Ina tsaye a wurin da tsintsiya a hannu. Na ji yadda kika faɗi maganar, irin wadda ake yi wa yaro don ya saki waya. Na kuma ga yadda ita ta karɓe ta. Kin san 'yarki, ko in ce kin san ta a da. Tun tana shekara huɗu in an ce mata gobe, to gobe ce, ba jibi ba, shi ya sa babanta, Allah Ya jiƙansa, ya laƙaba mata Alƙaliya.

Washegari ba su bar kowa ya huta ba. Kin san gidan nan, siminti ne daga ƙofa har bayi, in ban da 'yar siririyar ƙasar nan ta jikin katangar baya inda igiyar shanya take, ita ma ta yi tauri. Mai Famfo ya aro diga ya fasa ta. Yaran suka tsince duwatsu da fasassun kwalabe da wani cokali da ya ɓata tun ina amarya, suka je wurin mai kajin bayan layi suka roƙo taki a bokiti, gida ya kwana uku yana wari, Inna tana ta tsaki. Alƙaliya ta karanta bayan fakitin nan sau ba adadi, sannan ta ɗauki tef ɗin awona ba ta ko tambaye ni ba, ta auna tsakanin rami da rami, zurfin kuma ta ce gaɓar yatsa biyu, wanda ya wuce haka ta sa shi ya rufe ya sake. Ƙwaya goma sha biyu ne a ciki. Tara suka tsiro bayan mako guda, kowanne ya fito da ɓawonsa a ka kamar hula, ƙaramin ya yi ta dariya har ya faɗi zaune. Kajin maƙwabta suka shigo suka gama da biyu. Da ya rage bakwai sai Alƙaliya ta ƙirga mu ta raba, na Kaka, nawa, na Mai Famfo, nata, na ƙanenta, da naki. Ɗaya ya saura, sai yaron ya ce wannan na Abba ne. Haka aka bar shi na Abba, marigayi babansu.

Ban taɓa ganin yara sun riƙe abu kamar yadda suka riƙe shukar nan ba. Kafin su tafi makaranta sai sun soka yatsa a ƙasa, in ta bushe su ɗebo ruwa a tsohuwar butar shayi su bi layi. Duk Asabar a auna tsayi a ja layi a katanga da allin yankan ɗinkina, sai da suka cinye mini alli uku. Da karan ya yi tsayi iska ta fara kaɗa shi, Mai Famfo ya kawo ragowar bututun roba ya kafa, aka ɗaure da yanke-yanken ƙyallen da ke ƙarƙashin kekena. Shi kuwa Sarkin Tambaya da ya lura da safe suna kallon gabas da yamma sun juya, ai sai na shiga uku. Wa yake gaya musu inda rana take, wuyansu ba ya ciwo, in an yi hadari me suke kallo. Rannan ya tambaye ni ko ranar da suke kallo ita ce wadda kike gani a can, na ce ita ce. Tun daga ranar in ya dawo makaranta sai ya je gaban naki ya ba shi labarin abin da ya ci da wanda ya ture shi a layi. Naki kuwa ya fi kowanne tsayi, har ya wuce katanga. Ba don komai ba sai don shi ne kusa da magudanar wanki, amma su suka ce alama ce.

Ranar da suka buɗe, gaskiya ni kaina sai da na tsaya da bokiti a hannu ina kallo. Kowane kai ya kai faɗin faranti, zuma ta cika gidan, matan layi suna leƙowa ta katanga suna tambayar ina muka samo iri. Inna ta sa aka kai mata kujera gindinsu, ta ce rabon da idonta ya ga launi sosai haka har ta manta. Hotuna sun fi talatin muka tura miki. Kika maido da hoton zuciya ja, wani lokacin guda biyu. Alƙaliya tana ƙirga su, ranar da aka samu biyu sai ta ce yau Umma ba ta gaji sosai ba.

Daga nan geza ta fara bushewa tana zuba, kawunan suka yi nauyi suka sunkuya. Yaron ya shigo da kuka wai suna mutuwa. Inna, da ta yi noma tun ba a haife mu ba, ta sa aka kama hannunta ta shafa bayan kowane kai, ta ce ba mutuwa ba ce nuna ce, a sa ido a ƙeyar, in ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa sannan ta yi ruwan ƙasa, to ranar wuƙa ta yi, kada a ƙara ko kwana uku. Muka goge 'yan ƙananan furannin tsakiya da tafin hannu, sai ga ƙwayoyi jere reras, baƙi da fari, a matse. Satin da ƙeyar ta yi ruwan ƙasa shi ne satin da kika ce za ki iso. Shi ne kuma satin da kika kira kika ce ma'aikata sun yi ƙaranci, an ɗaga miki hutu da mako biyu. Na ce wa Alƙaliya mu yanke mu ajiye miki rabonki. Ta kalle ni kamar na ce mu sayar da ƙanenta. Ta ce Umma ba ta ce a ajiye mata ba, cewa ta yi kada a yanke, kuma mako biyu ba shekara ba ne.

Tsuntsaye dai ba su san da wani alkawari ba. Gwarare suka fara, kurciyoyi suka biyo baya, kafin kwana uku gefen na Mai Famfo ya zama rami. Yaran suka ɗaura gwangwanaye a igiyar shanya suna ja, suka rataya tsofaffin ledoji, tsuntsayen suka yi kwana ɗaya suna tsoro washegari suka sauka a kan igiyar. Alƙaliya ta fara cewa cikinta na ciwo don kada ta je makaranta, ita da ko zazzaɓi ba ya hana ta zuwa. Malamarsu ta aiko a tambaya ko lafiya. Nan ne na ga in ban yi wani abu ba karatun yarinyar nan zai tafi a kan gadin fure, sai Inna ta ce a ɗinka wa kowane kai jaka a rufe shi, tsuntsu ya rasa hanya, abin da ya zuba kuma ya zauna a ciki.

Ƙyallen da ke hannuna na mutane ne, ba zan yanka ba. Sai na buɗe akwatinki da ke saman kwaba, wanda kika ce kada a taɓa, na kwaso tsofaffin ɗankwalayenki. Ki yi haƙuri ko kada ki yi, na riga na yanka. Shida na auduga ne, sun sha wanki har ana hango hannu ta cikinsu, na ɗinka su jaka mai zariya. Da aka zo kan naki sai Alƙaliya ta zura hannu can ƙasan akwatin ta zaro mai ruwan zinarin nan, mai kauri da ƙyalli, wanda kika ɗaura ranar aurenki. Ta ce na Umma ba zai sa tsumma ba. Auta, shekarata ashirin da biyu a kan keke. Yatsuna suna taɓa yadin nan na san roba ne, ba ya shan iska, in ruwa ya shiga ba ya fita. Na sani sarai. Amma na dubi fuskarta, rabon da in ga ta yi haske haka tun ranar da suka buɗe, na ce a raina kwana goma ne ai, me zai faru a kwana goma. Na ɗinka shi, har da kalmasa mai kyau na yi masa.

Da aka gama ɗaurawa sai bayan gidan ya koma wani iri. Mata bakwai dogaye a jere jikin katanga, kowacce da ɗankwalinki, kowacce ta sunkuyar da kai. Inna ta fito alwala da rana tsaka ta yi musu sallama, ta ce a kawo wa baƙi tabarma, Mai Famfo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi. Amma da la'asar na leƙa ta taga na ga ɗanki ya jawo kujerar Inna ya hau, ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya cusa hancinsa a cikin mai zinarin yana shaƙa. Da ya sauko ya ce mini har yanzu akwai ƙamshin Umma kaɗan. Shekararsa uku kika tafi, ban san me yake tunawa ba, ban kuma tambaye shi ba. Na shiga ɗaki na taka keke babu zare a allura don kada su ji ni.

Mako biyun ya cika. Wannan karon ko kira ba ki yi ba, saƙo kika turo mini, wai takardunki na zama suna hannun ofis, ba za ki iya fita ba sai sun fito, in lallaɓa miki yara. To na lallaɓa. Na ce musu jirgi ya cika, na ce an ɗaga zuwa Laraba, Laraba ta zo na ce wata Larabar nake nufi. Ni da nake dukan hannun yaro in ya yi ƙarya, na zama mai ƙera ta safe da yamma, kuma ba don kaina ba. Ana cikin haka ruwan ƙarshen damina ya sauko, kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa. Da rana ta fito na audugar suka bushe kafin azahar. Mai zinarin ya yi nauyi yana ɗiga, bayan kwana biyu in ka wuce ta wurin sai ka ji wani tsami-tsami. Na ce wa Alƙaliya ko kwance shi mu yi ya sha iska. Ta yarda, muka kwance, tsuntsaye suka yi caa, ta mayar da shi da hannunta ta ƙulle. Na ce to mu yanke, Ummanki ba za ta yi fushi ba. Ta je ta tsaya a gabansa ta ba shi baya, ta ce in an yanke me Umma za ta zo yi.

Sai ranar Juma'ar nan da kika kira da yamma. Ban sani ba ko kin tuna ta, ni dai ba zan manta ba. Alƙaliya ta karɓi wayar ta buɗe murya don ƙanenta ya ji, ta gaishe ki, ta ce miki furen ya gaji da tsayuwa, Kaka ta ce ya wuce lokaci, amma ba su yanke ba, ko ɗaya ba su taɓa ba. Ta faɗa ne da alfahari, tana jiran ki yaba mata. Sai kika tambaye ta wane fure kuma. Wallahi, Auta, da mari kika aiko ta wayar da ya fi sauƙi. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba. Ta kifa wayar a kan teburin keke a hankali, ta fita tsakar gida ta ɗauki kwanukan da na riga na wanke ta fara sake wanke su. Ina jin muryarki daga ƙarƙashin wayar kina cewa au, furen nan, ai kin tuna, kina kiran sunanta, kina cewa ko layi ne ya yanke. Na ɗauka na ce miki caji ne ya ƙare. Wannan ma ƙarya ce, ki haɗa da sauran.

Washegari Asabar, na idar da sallar asuba ina haɗa shayi, sai na ji ƙaras, ƙaras daga bayan gida. Na leƙa. Babban almakashina ne a hannunta, wanda ko Mai Famfo bai isa ya yanka zare da shi ba, ta kama shi da hannu biyu tana datse karan nan masu kaurin sanda. Ta fara da na Kaka, ta bi layi ɗaya bayan ɗaya, ƙanenta yana karɓa yana jerawa a tabarma. Naki ta bari na ƙarshe. Ta hau kujera ta daɗe a tsaye, na ce ta kawo in yanke mata, ta girgiza kai. Sau uku ta datsa kafin ya rabu. Almakashin ya dakushe, bakinsa ya karkace, har yau ban kai shi washi ba, kuma ban ce mata komai a kansa ba.

Muka kwance jakunkunan. Shidan nan na tsumma sun fito a bushe, ƙwaya cike, in ka girgiza kana jin wadda ta zuba tana ƙara a ciki. Na Abba ya fi kowanne cika, ki ji ikon Allah. Da ta kwance mai zinarin kuwa sai da muka ja da baya. Fumfuna ta rufe fuskar gaba ɗaya, toka-toka, tsakiyar ta ruɓe ta yi laushi, tsutsa tana motsi a ciki. Na ce a kai bola. Alƙaliya ta ɗauke shi ta koma gindin katanga, ta zauna tana cire ƙwayar ɗaya bayan ɗaya tana matsawa da farce, wadda ta fashe ko ta zama holoƙo ta jefar. Tun hantsi take wannan aiki har aka kira azahar, shayinta ya huce a gefe. Cikin kan da ya fi faranti faɗi, ƙwaya bakwai ta samu masu rai. Yaron ya tambaya ko furen Umma gajiya ya yi da jira. Na ce a'a, laifin yadin ne, kuma laifina ne da na ɗinka shi ina sane. Ita kuwa ta ce ita ta zaɓi yadin. Can kuma, ba ta ko ɗago ba, ta ce da an yanke ranar da Kaka ta ce, da ba a nemi yadi ba tun farko.

Sauran shidan muka rataye su mako guda a rumfar kicin inda iska ke ratsawa. Da suka bushe ƙayau muka zauna muna goga kai biyu da juna, ƙwaya tana zuba a tire, yatsunmu suka yi baƙi, ƙaiƙayi ya cika mana gashi. Na sheƙe, na jiƙa a ruwan gishiri, na shanya, na soya a busasshen kasko har gidan ya ɗauki ƙamshi. Gwangwanin madara ɗaya da rabi aka samu, ban da manyan da aka ware na iri a kwalba. Inna da jikanta suka zauna babu mai haƙoran fasa ɓawo a cikinsu, suna ta tsokanar juna a kan wa ya fi wani giɓi, Alƙaliya tana ɓare musu tana zubawa a tafin hannu. Ita ta yi rabo. Kashi shida ta yi, na Abba ta ce a ba yaran layi sadaka. Na ɗebi kaɗan na fara tara na bakwai a gefe, ta sa hannu ta share shi ta mayar cikin gwangwani. Da yaran layi suka tafi da nasu, sai ƙaramin ya tambaye ni, tsakanin Abba da Umma wa zai riga zuwa. Ki gaya mini amsar da zan ba shi, don ni na ce masa ya je ya wanke hannu.

Makon jiya kika tambaye ni ko Alƙaliya ba ta da lafiya, kullum in kin kira aikin makaranta take yi, na ce miki girma ne. Ba girma ba ne. Kira uku ke nan ba ta tambaye ki yaushe za ki zo ba, tambayar da shekara uku ba ta taɓa fashinta ba. Na zuba ido in ga ko za ki lura, sai na ji kina cewa ta yi hankali. Sannan ga abokiyar aikinki ta zo da jaka niƙi-niƙi, mun gode, Allah Ya ƙara buɗi. Takalman sun yi wa yarinyar kaɗan da lamba biyu, ta gwada ta cire ta jera su a ƙarƙashin gado. Matar kirki ce abokiyar taki. Tana shan shayi take cewa hutu ai ba wuya in mutum ya rubuta da wuri, sai ta ga fuskata ta koma zancen zafi. Ba na tuhumarki da ƙarya a kan takardu, ban san wahalar da kike sha a can ba, kuma na san ba ki taɓa barin yaran nan da yunwa ko tsiraici ba. Amma raina a ɓace yake, kuma gara ki ji daga bakina. Tun muna yara ke ce mai fasa kwano ni ce mai shan faɗa, in na yi magana Inna ta ce Auta ce, a yi mata haƙuri. Na yi. Yau ma Inna cewa take a yi miki uzuri. Waɗannan biyun ba su san ke Auta ba ce, su uwa suka sani.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, ko Mai Famfo. Kin san Allah bai ba ni haihuwa ba, kin kuma san yadda yaran nan suka cika mini gida. Ranar da saƙonki ya zo cewa ba za ki zo ba, kafin baƙin ciki ya iso, wani abu ya yi sanyi a ƙirjina, don na san ba za ki zo ki tafi da su bana ba. Na ji kunyar kaina, na yi istigfari. Shi ya sa nake ƙara dagewa. In yaron ya kira ni Umma, sai na gyara masa in nuna masa hotonki. In yarinyar ta ɗaure fuska, in ce Ummanku don ku take wahala. Shekara uku ina share miki wurinki ina hana kaina zama a ciki, ke kuma ko leƙowa ba ki yi. Na gaji, Auta. Ba na neman ki bar aiki, ba na neman kaya. In kin san ranar zuwanki ki faɗe ta bayan tikiti ya shiga hannunki. In ba ki sani ba ki ce mata ba ki sani ba, Alƙaliya tana iya ɗaukar gaskiya ko da ta yi nauyi. Amma kada ki sake jefa mata magana don ta saki waya, domin ita shukawa take yi ta ba ta ruwa. Ni kuma daga yau na daina yi miki ƙarya.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa man zafi a bayan kafin ki kwanta, tana kuma sa miki albarka. Mai Famfo yana gaisuwa, ya ce in gaya miki zai gyara famfon kicin kafin ki zo, na ce to yana da lokaci. Kawu da iyalinsa sun zo ranar Lahadi sun ce a gaishe ki, haka ma Goggo da mai kajin bayan layi. Sarkin Tambaya yana gaishe ki, ya ce in tambaye ki ko a can ma haƙori yana sake fitowa. Ki gaishe mana da matar da kuke ɗaki ɗaya da duk masu kyautata miki.

Alƙaliya na tambaye ta ko in sa gaisuwarta. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin nan, guntun mai zinarin ne ta wanke ta yanka ta ƙulle ƙwaya bakwan a ciki. Yanzu kina iya kwancewa. Ta ce in rubuta miki daidai yadda ta faɗa, kada in gyara. Zurfin rami gaɓar yatsa biyu, ki ba su ruwa in ƙasa ta bushe, ki kore musu tsuntsaye. Kuma kada ki yanke sai ita da ƙanenta sun zo.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki,
mai riƙe miki yara.